Babi na Shida: Billen Baba a Cikin Hatimin Lambobi

Hoto ɗaya tak mahaifinmu ya bari. Baƙi-da-fari ne, bai kai tafin hannu ba. An ɗauke shi yana saurayi, ya kafa hula a goshi, ya ɗan karkata kai kamar mai jiran a ce masa ya tashi an gama. Shekara da shekaru hoton yana ƙasan adakar Inna, tsakanin turamen atamfa, har wata damina ruwa ya shiga ɗakin. Da aka ciro shi ya bushe, sai ga fuskar ta cika da ɗige-ɗige farare da baƙaƙe, gara kuma ta riga ta cinye kusurwa ɗaya har zuwa kafaɗa.

Wannan hoton ne ya kai ni Wudil wata Juma'a, abin da duk wanda ya san garin zai gaya maka kuskure ne. Ranar ce Kara, kasuwar shanun Wudil, ke ci, kuma tana cikin manya a ƙasar nan. Tafiyar kilomita kusan 40 daga Kano sai ta koma ta rabin yini, domin tun kafin gada tireloli suka yi jerin gwano, ƙahonni na leƙowa ta saman katako. Wanda na je nema abokina ne tun na sakandare, yana haya a Sabon Gari, ɗaki biyu da falo. Dakta ne a fannin lissafi. Mahaifiyarsa har gobe tana gabatar da shi ga baƙi da cewa, “Ga daktan namu, amma fa ba ya allura.” Na ji an ce bincikensa a kan gyaran hoto yake, ni kuma a tunanina wannan aikin masu situdiyo ne.

Ya karɓi hoton da hannu biyu, ya yi wa Baba addu'a, ya sa shi a na'urar kwafe. Da ya fito a fuskar kwamfuta, sai ya yi ta ƙara girman kuncin dama har fuska ta ɓace, ya rage 'yan murabba'ai masu toka-toka kamar saƙar tabarma. Ya danna wani abu, murabba'an suka koma lambobi.

“Ga Baba nan,” in ji shi. “A wurin kwamfuta iyakarsa ke nan.”

Kowane hoton da ke cikin waya jadawali ne na ɗige-ɗige, kowane ɗigo da lambarsa. A hoton baƙi-da-fari, 0 shi ne baƙi ƙirin, 255 fari fat, sauran kuma suna tsakani. Hoton farko da aka taɓa shigarwa kwamfuta ta wannan hanya, a Amurka a 1957, na jaririn wani injiniya ne mai suna Russell Kirsch, kuma ɗigo 176 ne a tsaye, 176 a kwance. Wayar da ke aljihunka yau, in mai megafiksel 12 ce, tana ɗaukar ɗigo miliyan 12 a ƙiftawar ido, kowanne da lamba uku, ta ja da ta kore da ta shuɗi. Lamba miliyan 36 ke nan don hoton ɗan akuya guda. Abin da ya sa wayar ba ta cika tun ranar farko ba, wata dabarar lissafi ce da Nasir Ahmed, haifaffen Bangalore a Indiya, ya wallafa tare da abokan aikinsa biyu a 1974. A kanta aka gina tsarin JPEG a 1992, wanda ke yanka hoto gida-gida, ɗigo 8 sau 8, ya zubar da abin da ido ba zai yi kewarsa ba.

Da na ga lambobi a cikin gidaje, abin da ya faɗo mini a rai hatimi ne. Duk wanda ya zauna a zauren malamin tsibbu ya ga mai gida tara ɗin nan: 4, 9, 2 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 8, 1, 6 a ƙasa, ta duk inda ka haɗa 15 za ka samu. Mutanen ƙasar nan ba baƙin zuba lamba a gida ba ne. Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, wato Bakatsine, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 a kan yadda ake gina irin waɗannan hatimai masu gidaje mara, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin mashahurin marubucin tarihin Masar. Na gaya wa abokina haka. Ya yi dariya ya ce to bari ya nuna mini nasa hatimin. Ya jawo bayan wata takarda, ya zana gida tara, ya kwafo lambobi daga kuncin Baba:

120, 118, 122 a sama. 119, 255, 121 a tsakiya. 117, 123, 120 a ƙasa.

Ko yaro ya ga bare a nan. Takwas suna kewayen 120, na tsakiya shi kaɗai ya yi tsalle zuwa 255. Shi ne farin ɗigon da ruwa ya bari. Yaya za a yi da shi? Abin da zai fara zuwa wa mutum shi ne ya haɗa duka taran ya raba da tara. Jimla 1,215, rabo 135. An rage ɓarna, amma baren ya ja kowa zuwa sama, kuma in aka bi hoton gaba ɗaya da haka, sai ya yi dishi-dishi kamar an shafa masa man shanu. Hanya ta biyu ita ce a jera su daga ƙarami zuwa babba, 117, 118, 119, 120, 120, 121, 122, 123, 255, a ɗauki na biyar, wanda ke tsakiyar sahu. Ya ba da 120. Bare ya koma ƙarshen layi inda babu mai jin ta bakinsa. Kwamfuta ta bi ɗigo-ɗigo tana yin wannan, cikin daƙiƙa ɗaya fuskar Baba ta washe. Sai da na ji ƙwalla ta taho.

Ya ce wannan wasan yara ne, tsintar tsakuwa a shinkafa. Aikin da ya ci masa shekara huɗu shi ne dishi-dishi. Idan hannun mai ɗaukar hoto ya motsa, ko gilashin bai zauna daidai ba, kowane ɗigo yakan gauraya da maƙwabtansa. Dama fura da nono ba wuya, amma a ce maka ka mayar da fura gefe nono gefe, nan ake yin ta. Lissafi ya san yadda aka yi gaurayen, kuma a takarda ana iya juya shi baya. Sai dai kuskure ƙanƙani a lambobin da ke hannunka, wanda ido ba ya ko gani, yakan kumbura wajen juyawar har ya cinye hoton duka. Bafaranshen nan Jacques Hadamard ya yi maganar irin waɗannan matsaloli tun 1902, ya sa su a sahun waɗanda ba a ɗora su a kan ƙafa mai kyau ba. Barashe Andrey Tikhonov ya kawo maganin da har yanzu ake sha a 1963: kada ka tambayi lambobi su kaɗai, ka haɗa da abin da ka riga ka sani game da yadda hoto na gari yake. A 1992 Rudin da Osher da Fatemi suka fito da nasu sharaɗin, wanda ke son fili ya zama sumul amma ya ƙyale iyakoki su tsaya da kaifinsu.

Sai abin ya koma ciniki. Ɓangare ɗaya na cewa kada a yi nisa da abin da kyamara ta kawo, ɗayan na cewa hoton ya yi santsi. A tsakaninsu akwai wata lamba guda da masu lissafi ke kira lamda, da sunan wani harafin Girka. Abokina ya nuna wajen Kara da haɓa ya ce ita ce dillali. In ta karkata ga mai saye, ƙura ta zauna. In ta karkata ga mai sayarwa, a share har da abin da bai kamata ba. Na riƙe wannan magana da wasa, ban san za ta dawo mini ba.

Bayan an ƙulla cinikin a takarda, saura nemo hoton da ya fi kowane cika sharuɗɗan biyu. A hoto mai ɗigo 1,000 sau 1,000, abubuwan da ba a sani ba miliyan ɗaya ne. Ka ɗauka an ajiye ka a kan Dala da tsakar dare cikin hazo, an ce ka sauka zuwa wuri mafi kwari. Abin da za ka iya shi ne ka lalubi gangara da ƙafa, ka taka inda ya fi zurfi, ka sake lalube. Wannan ita ce dabarar da Cauchy ya kawo a 1847. Tana kai mutum, amma a cikin kwazazzabo mai tsawo sai ta riƙa kai shi bango tana dawo da shi bango. Hanyar Newton ta fi sauri nesa ba kusa ba, sai dai tana neman jadawalin miliyan sau miliyan, wanda ajiye shi kaɗai zai ci terabayit 8. A 1952 Hestenes da Stiefel suka sami tsakiya: duk takun da za ka yi, ka gauraya gangarar da ƙafarka ke ji yanzu da ɗan wani kaso na takun da ka yi a baya. Fletcher da Reeves suka faɗaɗa ta a 1964. Abin da take bukata layuka ne 'yan kaɗan, kowanne megabayit 8. Tsohuwar kwamfutar cinya da aka sayo ta hannu a Farm Centre za ta iya.

Nan amsar wata tambaya take, wadda ban taɓa jin an yi ta a rediyo ba: me ya sa, a cikin rassan kimiyya duka, wannan lungun ne 'yan Arewa suka yi suna a cikinsa? Duk wanda ya buɗe mujallun duniya na wannan fanni a shekarun nan zai yi ta cin karo da Kano da Gombe da sauran garuruwanmu a ƙarƙashin sunayen marubuta. Mai binciken sinadarai yana bukatar ɗakin gwaji, da wutar da ba ta ɗaukewa, da kayan da sai an yi odarsu da dala. Mai wannan lissafin biro yake nema, da takarda, da batirin da zai kai shi asuba. “Ɗan wani kaso” ɗin nan na takun baya, akwai hanyoyi da yawa na zaɓensa, kowace sabuwar hanya kuma, in ka tabbatar da hujja cewa tana kaiwa ga kwari, maƙala ce.

Sai kuma malamai. Farfesa Muhammad Yusuf Waziri na Jami'ar Bayero, wanda ya yi karatunsa na digirgir a Malesiya, ya yaye ɗalibai da dama a wannan layi. Wasu matasan suka tafi Bankok, wurin Farfesa Poom Kumam na jami'ar fasaha ta King Mongkut da ke Thonburi, wanda ɗakin bincikensa ya zama kamar zangon 'yan Arewa. Marigayi Farfesa Charles Chidume ya horar da wasu a jami'ar kimiyya da fasaha ta Afirka da ke Abuja. Asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta ba shi sunansa na yanzu, shi ya biya wa malamai da yawa kuɗin jirgi da na makaranta. A daidai lokacin kuma duniya ta waiwayo wannan fanni, bayan Candès da Romberg da Tao, da kuma Donoho, sun nuna a wajen 2006 cewa ana iya sake gina hoto daga awo kaɗan ƙwarai in hoton mai sauƙin siffantawa ne, abin da ya rage wa marasa lafiya zaman da suke yi a cikin na'urar MRI. In ana neman kakan wannan zuri'a a Arewa, Farfesa Iya Abubakar ne, ɗan Adamawa, wanda ya yi digirgir a Kambirij a kan yadda girgiza ke ratsa ƙasa da duwatsu, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1975 zuwa 1978. Wudil kuwa ta shigo sahu a 2001, zamanin mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na farko, da aka buɗe jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a kan hanyar Gaya, wadda aka sa wa sunan Aliko Dangote a 2022. Ita da makarantar horar da manyan 'yan sanda suka cika Sabon Gari da ɗalibai da malamai 'yan haya.

Dare ya yi mini, na kwana. Bayan isha muka zauna a teburin mai shayi, nan ya ba ni labarin tsanin da yake hawa. Ana farawa daga mataimakin malami mai digiri ɗaya, a yi na biyu, a zama mataimakin lakcara, sannan lakcara mai daraja ta biyu, sannan ta ɗaya, sannan babban lakcara, sannan mai jiran kujerar farfesa, sannan farfesa, wanda doka ta ba shi damar zama har shekara 70. Tsakanin mataki da mataki akan jira shekara uku aƙalla. A matakai biyun ƙarshe sai an aika ayyukanka ga wasu farfesoshi na waje sun auna. Kuma a kowane mataki, abin da ake ƙirgawa maƙaloli ne: nawa ne, a wace mujalla, kai ne na farko a jerin suna ko na biyar. Koyar da ɗaruruwan 'yan aji ɗaya lissafin share fage, da duba takardunsu har ido ya yi ja, wannan wajibi ne, amma makinsa kaɗan ne a fom. Mujallu da yawa kuma sai ka biya kafin su buga, wasu dala dubu, wasu fiye. Lokacin da dala take wajen naira 460 ana cije baki a haɗa kuɗi mutum biyar. Da ta haura 1,500 a 2024, sai aka koma neman abokin rubutu a ƙasar da jami'arsa ke biya. Ya ce maƙalarsa da ya fi alfahari da ita a yajin aikin ASUU na 2022 ya rubuta ta, wata takwas babu aji. Ya faɗi haka yana dariya, dariyar da ba ta kai ciki ba.

Washegari na sa aka wanke hoton a babban kati, na kai wa Inna. Ta sa tabarau, ta matsa bakin ƙofa inda haske yake. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce:

“Ya yi kyau. Amma ina billensa?”

Baba yana da bille, siriri, ya gangaro daga gefen hanci zuwa kuncin hagu. Na girma ina ganinsa har na daina ganinsa. Na ɗauko tsohon hoton, ga shi nan a cikin dabbare-dabbaren, kamar zare. A sabon kuwa kunci sumul, sai ka ce na jariri.

Da na koma Wudil da wannan ƙorafi, abokina bai yi mamaki ba, kunya ce ta kama shi. Ya sake zana gida tara. Ya ce in layi siriri ne, kaurin ɗigo ɗaya, gida uku kawai yake ci a cikin tara. In aka jera lambobin, ukun nan suna can gefe, na biyar kuwa kullum daga cikin shidan zai fito. Dabarar da ta kori ɗigon ruwa ita ta kori bille, don a wurinta duk marasa rinjaye bare ne. Abin da bille ya tsira da shi a zagayen farko kuma, lamda ta ƙarasa shi a na biyu. Lissafin bai yi kuskure ko ɗaya ba. An gaya masa kunci wuri ne mai santsi, ya yi aiki da abin da aka gaya masa.

Na tambaye shi, a kan waɗanne hotuna yake gwada dabarunsa? Ya buɗe wata jaka a kwamfutar. Ga wani Bature da dogon kwat yana leƙa kyamara. Ga barkonon Turawa ja da kore. Ga fuskar gwaggon biri. Ga kuma wata Baturiya da hula mai gashin tsuntsu tana waiwaye. Ita ce Lena, 'yar Suwidin, wadda aka yanko hotonta daga wata mujallar batsa ta Amurka ta Nuwamban 1972, aka kwafe shi a wata jami'ar Kalifoniya a 1973, ya zama ma'aunin da duniya ta yi ta gwaji da shi shekara hamsin, har reshen kwamfuta na ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ya daina karɓarsa a 2024. Ana ɗaukar hoton lafiyayye, a zuba masa ƙurar ƙarya da gangan, a goge, sannan a auna kusancinsa da na asali. A jera sakamako a tebur: tawa dabarar ta yi zagaye kaza, ta wane ta yi kaza.

Akwai hujja a yin haka, kuma ya kawo ta da ƙarfi. In kowa ya zo da hotonsa, ba a iya kwatanta aikin Kano da na Beijin. Ma'auni ɗaya shi ne adalci, kamar yadda ba a yarda kowane mai hatsi ya zo kasuwa da tiyarsa. Kuma hujjar lissafi ba ta da ƙabila: in ka tabbatar dabara tana kaiwa, tana kaiwa a ko'ina. Na yarda da wannan duka. Inda muka rabu shi ne, tabbatar da cewa za a kai kwari daban, zaɓen wane kwari za a nufa daban. Sharaɗin da ake ɗora wa hoto, wato abin da aka ɗauka shi ne kamannin hoto na gari, daga hotunan da mutum ya saba gani yake fitowa. A 2018 Joy Buolamwini da Timnit Gebru sun gwada manhajojin tantance jinsi daga fuska na manyan kamfanoni uku. A kan fararen maza kuskuren bai kai kashi 1 cikin 100 ba. A kan mata masu duhun fata ya kai kashi 34.7. Mu kuwa yanzu fuska muke miƙawa a yi mana lambar NIN, ita muka miƙa wa na'urar BVAS a zaɓen 2023. Fuskokin da ke layin akwai masu bille, da masu kalangu, da masu zanen Gobir da na Barebari, akasari kuma a ƙarƙashin rana mai ƙuna ko a cikin rumfa mai duhu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, hotunan da suka lalace da gaske, masu jiran mai gyara, suna kewaye da ɗakin da muke zaune. A Gidan Ɗan Hausa a Kano, da Arewa House a Kaduna, da ɗakin littattafan Waziri Junaidu a Sakkwato, da buhunan fata a zaurukan malamai, akwai rubuce-rubucen ajami da na Larabci da tawadarsu ta ratsa takarda ta fito ta baya, ruwa ya taɓa wasu, gara ta yi wa wasu ƙofa. Raba rubutun gaba da inuwar na baya matsala ce irin ta fura da nono, kuma a ajami ɗigo ɗaya ke raba harafi da harafi, don haka dabarar da ke share ɗige-ɗige tana iya sauya maganar malami. Kogin da na tsallaka, wanda ruwan Kano da na Challawa suka haɗu suka yi, yana ƙarƙashin madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992, kuma yakan yi ambaliya ya shafe gonaki daga nan har Haɗeja. Taurarin Landsat suna ɗaukar hotonsa tun 1972, kyauta ake sauke su yanzu, amma a watan Agusta, lokacin da aka fi bukatarsu, gajimare ke rufe su, da rani kuma ƙurar hunturu. A Kara, kowace saniya tana da zanen kan hanci da babu mai irinsa, kamar zanen yatsan mutum, an kuma daɗe da sanin haka. A ƙasar da satar shanu ta tashi rugage, wayar da za ta gane Bunaji ko Rahaji ta hancinsa, cikin ƙura da yawu da motsi, ba ƙaramin abu ba ce. Ban ma zo kan hotunan ƙirji da tsofaffin injinan asibitocin karkara ke fitarwa ba.

Ya saurare ni har na gama, sannan ya lissafa mini da yatsu. Kafin ya tara hoton hancin shanu dubu, sai ya yi shekara yana bin dillalai, ya sayi kyamara, ya biya yara masu riƙe igiya, ya nemo likitan dabbobi. A shekarar nan zai iya fitar da maƙala uku daga kan tabarmarsa. In ya gama kuma, mai tantancewa a mujallar lissafi zai ce wannan aikin injiniya ne, na mujallar injiniya ya ce ina kwatancen da hotunan da aka sani, kwamitin ƙarin girma kuma ya ga maƙala ɗaya mai suna bakwai. Yana da 'ya'ya huɗu. “Ranka ya daɗe,” ya ce, yana tsokanata da girmamawar da ba ma yi wa juna, “ku marubuta kuna da daɗin baki. Kawo kuɗin, gobe da asuba ina Kara.”

Ban da amsar wannan, kuma ba na jin laifin nasa ne. Mutum yakan bi inda aka zuba masa tsaba. Na dai lura a kan teburinsa akwai kundin wata ɗalibarsa ta digiri na biyu, da ta ɗauko shafuka goma sha biyu na wani tsohon littafin fiƙihu na kakanta da waya, tana neman raba tawadar gaba da ta baya. Ya ce shi ya ba ta aikin, don ita ba a fara ƙirga mata maƙala ba tukuna.

Muka koma kan Baba. Wannan karon ya zagaye billen da hannu, ya gaya wa kwamfuta kada ta taɓa nan. Ya rage lamda, ya sake ragewa. Bille ya fito, tare da shi kuma wasu ɗige-ɗigen suka dawo a goshi da wuyan riga. Ya tambaye ni ko a ƙara gogewa, na ce a bari. Saura kusurwar da gara ta ci. Ya ce akwai dabarar cike gurbi, tana jawo layukan da ke bakin ramin ta ƙarasa su ciki, akwai kuma sababbin manhajoji da za su ƙera kafaɗa sukutum daga miliyoyin kafaɗun da suka gani. Ya gwada ɗaya don in gani. Ta ɗinka wa Baba kwat da abin wuya.

Na kira Inna a waya na gaya mata yadda ake ciki. Ta ce rigar shuɗiya ce, saƙi, wansa ne ya ara masa ranar, aikin wuyanta kuma aska biyu ne. Abokina ya ce in ta tuna sosai zai iya nemo irinta ya dasa. Na mayar mata. Ta yi shiru, ina jin kaji a bayanta.

“A'a,” ta ce. “Ku bar wa gara nata. Ku dai kawo mini shi kafin Juma'a, ƙanwarsa za ta zo daga Gaya.”